Man Kitsen Gwaggo Laraba

Duk wanda ya taɓa gaida Gwaggo Laraba a cikinku ya san ba ta amsawa sai ta goga maka babban yatsa a kumatu. In ta ji kaushi sai ta girgiza kai ta ce, "Fuskar nan yunwa take ji." Har Fasto bai tsira ba. Ni kuwa da ta raina a unguwar Muchia, nan Zariya, tun rasuwar babana, akwai abin da na yi mata a kan man nan nata, kuma yau sai na faɗa ko kunya za ta kashe ni.

Kun dai san man. Kitsen da ya lulluɓe ƙodar saniya, shi kaɗai take saye. Mahautan kasuwar Sabon Gari in sun hango ta, kowa sai ya kama wasa wuƙa. Wani sabon zuwa ya taɓa miƙa mata kitsen tozo, ta sansana ta mayar masa.

"Ɗana, fuska zan shafa, ba tsire zan gasa ba."

In ta dawo gida ta yayyanka, ta narkar a wuta kaɗan-kaɗan, ta tace da farin tsumma, ta sake dafa shi da ruwan gishiri har sau uku don ƙarnin ya fita. In ya daskare, ta buga shi da ɗan man kaɗe sai ya yi fari fat, ta ɗura a gwangwanin madara. Ranar aikin, ƙudajen unguwa kaf a gidanmu suke yini.

Mijinta, Baba Ishaya, ya taɓa yaɓa cokali biyu a miyar kuka, wai shi man shanu ya samu. Sai da ya suɗe kwano tas ta gane. Ko faɗa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba komai, Malam. Tunda fuskarka ta ƙi, bari hanjinka ya yi sheƙi."

To, ga nawa. Da na shiga jami'a na kama ɗaki a Samaru da wata ƙawata Jummai, 'yar gayu. Don kar a bar ni a baya na sayo wani man ƙara haske a shagunan unguwar PZ, ya ƙona min kumatu, suka yi baƙi kamar gindin tukunya. Man Gwaggo ne ya rufa min asiri. Amma ni, Rahila, a ce kitsen saniya nake shafawa? Sai na juye shi a kwalbar wani man kanti mai rubutun Turanci, na ce daga Turai aka aiko min. Jummai ta dinga lakata safe da yamma.

Wata Asabar sai ga keke ya tsaya a ƙofa, Gwaggo ta sauko da zanen zumuntar mata da gwangwani a leda. Jummai ta ce, "Wace ce wannan?" Bakina ya riga ni. Na ce, "Wata maƙwabciyarmu ce, kitse take sayarwa."

Gwaggo ta ji sarai. Ta dube ni sau ɗaya, ta juya ta goga wa Jummai yatsa, ta kai hanci.

"'Yata, wane mai kike shafawa?"

"Na Turai ne, Mama," in ji Jummai, har da ɗauko kwalbar.

Gwaggo ta buɗe, ta sansana, ta lakata ta ɗanɗana. Gumi ya jiƙa min riga. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe Turawa ma sau uku suke wankewa." Ta rufe ta miƙa mata. Sannan ta ajiye ledar a bakin katifata ta ce, "Gwaggonki ta ce a ba ki." Ko ruwa ba ta tsaya sha ba.

Har ta koma ga Ubangiji ba ta tayar da maganar ba. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan roƙe ta gafara, ban yi ba. Jummai, na gan ki can baya. Ba maƙwabciya ba ce, yayar babana ce, a bayanta na girma.

Gwaggo, ki yafe mini. Ubangiji ya ba ki hutu, ya kira ki da sunanki a gaban kowa ya ce ke tasa ce.