Zumar da Ke Ƙarƙashin Farcena

Kafin in zama abin nuni a kasuwar Shagari, ni manomin albasa ne a fadamar Lambara, da matata da 'ya'yana biyu, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Aibina ɗaya ne, tsoro. Tun ina ƙarami, in aka daka mini tsawa sai in faɗi duk abin da zai sa a ƙyale ni, gaskiya ne ko ƙarya. Ku samarin da ke koyon aikin duba marasa lafiya, ku ji inda wannan hali ya kai ni. Sunana kam ba zan faɗa ba, jikokina suna shiga kasuwa.

Ina da kawu a Bodinga, yayan mahaifiyata, Malam Sambo. Aikinsa duba fitsarin marasa lafiya. Matan da ba sa fita da waɗanda ciwo ya kwantar ba sa zuwa da kansu, sai danginsu su kawo fitsarin farko na safe a sabon ƙoƙo, an rufe da faifai. Kawu ya fito da shi hasken hantsi, ya karkata, ya dubi launinsa da kumfarsa da abin da ya kwanta a ƙasa, ya sansana. Sa'an nan ya ɗiga kaɗan a bakin ramin kiyashi. In kiyashi suka taru a kai, to ciwon zaƙi ne, wanda ke busar da mutum yana ta shan ruwa bai ƙoshi ba. Da haka yake sanin maganin da zai bayar, da wanda zai ce wa wannan ya fi ƙarfinsa. Mai ciwon yana can kwance a wani gari, Kawu bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ƙoƙon nan shi kaɗai ke magana a madadinsa.

Da yanar ido ta makantar da Kawu, sai ya aika in zo in zama idonsa. Shekara uku yana koya mini, ni in duba in faɗa masa, shi ya yanke magani. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ɗana, hwaɗa min abin da kag gani, ba abin da kaka zato ba. In ba ka gani ba, ce ba ka gani ba." Kawu ba ya duka, ba ya zagi. In ka yi kuskure shiru kawai yake yi, ni kuwa shirun nan ya fi bulala firgita ni.

Ƙaryata ta farko akuya ce ta jawo ta. An kawo ƙoƙon wani tsoho, na ajiye a bakin zaure na shiga ɗauko tabarma, akuyar maƙwabta ta zo ta yi fatali da shi. Na fito na tarar da ƙasa ta shanye. Daga ciki Kawu ya ce, "Mi kag gani?" Maimakon in ce a kawo wani gobe, sai na ji bakina yana cewa fari ne tas, ba kumfa, kiyashi ba su kula shi ba. Kwana bakwai ina jiran a zo a ce tsohon ya mutu. Sai ga shi ya warke, har ɗansa ya kawo wa Kawu 'yar ƙwaryar nono. Da na yi hankali, da a nan na tuba. Ni kuwa abin da na koya shi ne, ashe duk Bodinga babu mai iya ƙaryata ni.

Na kuma lura da wani abu. Wanda aka ce wa lafiyarsa lau, godiya yake yi ya tafi. Wanda kiyashi suka taru a kan nasa kuwa, a tsorace yake komawa gida, ya dawo da ɗan akuya ko damin gero. Ni da na san tsoro ciki da waje, na san yadda yake kwance wa mutum hannu. Sai na bar farcen babban yatsana na dama ya yi tsawo, nakan cusa ɗan kakin zuma a ƙarƙashinsa. In zan karkata ƙoƙo sai in tsoma yatsan kamar da kuskure. Kiyashi ba ruwansu, su dai zaƙi suka ji.

A gaban Kawu ban iya yi da yawa ba, makaho ne amma yana jin rawar murya. Don haka na ce masa zan koma kusa da gonata, na tafi na kafa zama a gindin wata tsamiya a kasuwar Shagari, inda akwai ramin kiyashi mai kyau. Sunan Kawu na riƙa ci da shi. Kafin damina biyu ina da garken awaki da riga mai aiki, har ana ce mini Malam. Amma ban taɓa cin abinci da daɗi ba. In na hango dogari ya nufo tsamiyar nan sai in fara neman hanyar gudu, alhali shi goro ya zo saya. Kuma sannu a hankali na daina duba ƙoƙon ma. Me zan duba, tunda amsar tana ƙarƙashin farcena?

Wata ranar kasuwa wani makiyayi mai suna Manu ya zo da ƙoƙon matarsa Hajo. Dogon mutum ne mai sanyin magana. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ciki gare ta, wata bakwai, na hwari. Ƙahwahunta sun kumbura, tana kukan ciwon kai. Ka diba muna don Allah." Hankalina yana kan wata tunkiya da na ga ya ɗaure a gefe. Na ɗaga faifan, na tsoma yatsa, na ɗiga. Kiyashi suka yi baƙi a wurin. Manu ya dafe kai yana salati. Na ba shi jiƙon maɗaci da filasko da jar kanwa, abin da nake ba kowa, na ce ta sha safe da maraice. Ya bar mini tunkiyar yana ta sa mini albarka.

Bayan ya tafi, da na zo zubar da ragowar, sai idona ya kai ciki. Ɗan kaɗan ne, ja-ja, da kumfa mai kauri wadda ba ta kwanta ba tun safe. Na san wannan. Kawu ya sha gaya mini, mai ciki in ta kumbura kuma fitsarinta ya yi haka, a hana ta gishiri da kanwa, kada a ba ta abin da zai gudar da ciki, a kwantar da ita, ungozoma ta zauna kusa. Ni kuwa kanwa na ba ta, da filasko mai gudar da ciki. Manu bai wuce ƙarshen kasuwa ba, da na ɗaga murya zai ji. Na miƙe tsaye. To in na kira shi me zan ce? In ce kiyashin ƙarya suka yi? Na koma na zauna, na ce wa raina ai tsohon Bodinga ma ya warke.

Kwana bakwai na yi kamar wanda aka ɗaure. Ko kukan mata na ji daga wata unguwa sai in ce shi ke nan. Sau biyu na ɗauki hanyar rugarsu, sau biyu na juyo daga bakin rafi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na zauna da hantsi, na riga na cusa zumata, mutane sun kewaye ni, sai na ga taron ya dare gida biyu. Manu ne janye da jaki, a kan jakin kuwa Kawu. Daga baya na ji yadda aka yi. Hajo ta fara ganin duhu-duhu, Manu ya ɗura fitsarinta a gora ya nufi Bodinga wurin mai aikin na asali. Kawu ya sa shi ya duba da idonsa ya faɗa masa, ya sa shi ya ɗiga wa kiyashi, ko ɗaya bai tsaya ba. Sai ya gaya masa abin da za a yi mata, ya ce kuma a ɗora shi a jaki.

Aka sauke shi. Na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, ƙoƙon matar wanga bawan Allah, mi kag gani ciki?" Na ce kiyashi sun taru, mutane shaida ne. Ya yi shirun nan nasa. Can ya ce, "To. Aje hannunka ƙasa, bakin ramen. Duka biyu." Na ce Kawu mutane na kallo. Ya ce, "Don su nic ce."

Na ɗora tafukana a ƙasa. Kasuwar ta yi tsit a wajenmu, har ina jin jakin yana kaɗa wutsiya. Kiyashi ɗaya ya zo ya zaga hannun hagu, ya wuce. Ya hau na dama. Kafin a jima sun yi layi, sun bar yatsu huɗu, sun dunƙule a kan babban. Kawu ya ce, "Manu, hwaɗa min abin da kag gani." Manu ya faɗa masa. Sai Kawu ya juya fuskarsa gefe, hawaye na bin gemunsa. Da dogarai ba su zo da wuri ba, da a gindin tsamiyar nan aka gama da ni.

A gaban alƙali ban yi gardama ba. Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, na yi." Ya sa aka mayar wa mutane dabbobinsu, aka yi mini bulala, sa'an nan ya ce a kai ni gidan yari a Birni a jira matar. In ta tashi, hukuncin mazambaci ne. In ba ta tashi ba, maganar jini ce, sai abin da danginta suka ce.

Aka sa mini marin ƙarfe a ƙafa aka jefa ni wani ɗaki mai zurfi da mutum goma sha. Yunwa da ƙwarƙwata da wari, duk na sha, amma ba su ne suka cinye ni ba. Ƙarar sakata ce. Duk lokacin da aka taɓa ƙofar nan sai in ce an zo gaya mini Hajo ta cika. Da farko, ba zan ɓoye muku ba, wuyana nake ji wa tsoro. Sai da aka kwana biyu na fara tuna cewa ita ma can tana kwance tana jin irin wannan tsoron, ga ɗa a cikinta, kuma ni na ɗura mata shi da hannuna. Daga nan na fara yi mata addu'a don kanta. In ɗan tuwon da ake ba mu ya faɗi ƙasa kiyashi suka zo, sai in ja jiki in rufe ido, 'yan ɗakin suna yi mini dariya, ƙato yana gudun kiyashi.

Wata biyu aka yi kafin yari ya leƙo ya ce, "Kai mai zuma, maccen ta tashi. Ɗan na bai zo da rai ba." Na yi sujada, na ɗago ina kuka, ban san wanne nake yi wa ba. Damina biyu na ƙara a ciki. Kafin in fito Kawu ya rasu, kuma aka ce har ya bar duniya ba a sake kawo ƙoƙo ƙofarsa kamar da ba. Mutane sun ce in idon Malam Sambo ya yi ƙarya, wa za a yarda da shi?

Da aka sake ni ban nufi gida ba, rugar Manu na nufa, ina tafe ina jin kamar in juya. Ya gan ni, ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya shiga ya fito ya ce in matso jikin zana, Hajo tana son magana da ni. Na durƙusa na fara roƙon gafara. Muryarta ta katse ni daga ciki, a hankali.

"Bawan Allah, tambaya guda nika yi maka. Ni na san jikina. Ran da nis sha maganin ga na ji ba shi na ba. Na so in ƙi, anka ce min an diba, Malam ya gani da idonai. Shi yas sa niy yi shiru nis shanye. To hwaɗa min, ka diba?"

Duk ƙaryar da na iya ta zo mini baki. Zan iya cewa na duba na kuskure, kowa yana kuskure. Na ce, "Ban diba ba. Sai da mijinki yat tahi nid diba, nig gane, kuma ban kira shi ba."

Ta ce, "Shekara ukku ina zargin kaina, ina cewa jikina na yak kashe shi. Tashi ka tahi. Na bar ka da Allah." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar sake roƙo ba. Har yanzu ina roƙon Allah Ya sa ta yafe kafin mu tsaya gabanSa.

Na koma fadama, da albasa na tsufa, ban ƙara taɓa ƙoƙon kowa ba. Ku da za ku gaji aikin nan, ga abin da zan gaya muku. In ƙoƙo ya zube, ku ce ya zube, a kawo wani. In ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, a kai wa wanda ya fi ku. In kun yi kuskure kuma mai shi bai yi nisa ba, ku bi shi da gudu ku kira shi, ko da kasuwa duka za ta ji. Kunyar da na guda a ranar nan ta wuni ɗaya ce, ga shi na kusa shekara saba'in a duniya, har yau ina jin tambayar Hajo. Wanda ya aiko muku da ƙoƙo ya rufe bakinsa ne ya ba ku. Kafin ku buɗe naku, ku duba.