Baƙaƙe Uku da Harshen Kakata

Duk sanda na ji ƙamshin dafaffiyar gyaɗa, sai in tsinci kaina a barandar gidanmu na Dutsen Kura, cikin daminar da babana ya hana kowa sakat. Ina aji huɗu a firamare lokacin. Shi malamin tarihi ne a sakandare, kuma wani abokin aikinsa da ya yi ritaya ya bar masa ƙaton littafi kan rubutun mutanen Masar na zamanin Fir'auna. In ka buɗe shafi ba abin da za ka gani sai mujiya, maciji mai ƙaho, ƙafar mutum, igiyar ruwa.

Ba ma'anar ce ta dame shi ba, littafin ya kawo ta. Furucin ne. Ya ce mini baƙaƙe kawai mutanen nan suke rubutawa, kamar Larabcin da ba a yi wa wasali ba, sai dai Larabci da masu jin sa, su kuwa waɗannan duk sun shuɗe. Akwai wata kalma mai baƙi uku, n da f da r, ma'anarta kyau. Masana kan ce nefer, amma su ma sun yarda cike gurbi kawai suka yi. Sai babana ya riƙa kai-komo daga bakin ƙofa zuwa gindin mangwaro: nafar, nufur, nafir. Ya tsayar da ni in maimaita, ya karkata kai yana saurare, ya girgiza kai, ya ci gaba da zagayensa. Tuwonsa ya sha hucewa a kwano.

Kakata, mahaifiyarsa, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa tana kallonsa. Daga wani ƙauye bayan Zungeru kakana ya auro ta, yana aikin jirgin ƙasa. Har ta tsufa Hausarta ba ta miƙe ba, "kofa" take cewa, "daki." Ba ta koya wa 'ya'yanta harshenta ba, saboda dariyar da matan unguwa suka sha yi mata.

Wata la'asar, ruwa ya ɗauke, ta dakatar da shi.

"Wa ka ji ya faɗa haka?"

"Babu kowa, Inna. Masu harshen sun daɗe a ƙasa."

Ta ce to ko ya dace, wa zai gaya masa ya dace? Sannan ta furta wata gajeriyar magana da harshenta, ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Ta ce ita ruwan sama ta ambata, shi kuma ya kira akuya, don ya ɗaga murya inda ake sauke ta. Na yi dariya. Babana bai yi ba. Ya daɗe a tsaye da littafin a hannu.

Washegari ya sayo littafin rubutu. Kai-komon ya koma gabanta: yaya ake cewa wuta, yaya ake gaida mai jego, sake faɗa, sake. Wata rana ta amsa, wata rana ta kore shi ta ce ya ishe ta. Wasu kalmomin ita ma sai ta rufe ido ta laluba, su ƙi zuwa. Bayan girbi ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Shafi talatin da ɗaya ya samu.

Bayan rasuwar babana, ni da ƙanena muka kai littafin rubutun nan ƙauyen kakata. Aka nuna mana wani tsoho da aka ce shi ya fi kowa riƙe harshen, samarin duk Hausa suke yi. Na karanta masa layin farko yadda babana ya rubuta. Bai gane ba. Na biyu ma haka. Sai ya ce, "Jikata, faɗa mini da Hausa tukuna." Na faɗa. Ya mayar da ita da harshensu, muryar ta hau ta sauka, na ji kakata sak.

Shafi shida muka yi ya gaji. Ya ce in dawo kafin damina, in zo da yarana su ji da kunnensu. Damina biyu ta wuce tun daga nan. Ga aiki, ga makarantar yara, ga hanya ba kullum take da lafiya ba. Duk mako nakan ce sai Asabar mai zuwa. Kwanakin baya na haɗu da wata mata 'yar ƙauyen a kasuwar Tunga, muka gaisa, na tambaye ta gonaki, na tambaye ta ruwa. Har muka rabu ban iya tambayar ta labarin tsohon ba.