Mutumin da Ke Jifan Kwano Kafin Ƙanƙara Ta Jefa

Idan ka tambayi mai shayin bakin titi, zai ce maka Baba Mai Rufi bai taɓa shan shayi yana kallon kofinsa ba, idonsa kullum yana saman gidajen mutane. Mai sayar da kwano kuwa cewa yake, "Wannan tsohon? Da ya shigo shagona sai gabana ya faɗi. Ya ƙwanƙwasa kwano da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ce, 'Wannan ai takarda ce, ɗauko mini kwano.'" Matarsa ta ce tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa jiƙa masa riga ba sai ta fara zazzage tsakuwa daga aljihu. Akwai kuma waɗanda har yau, idan an ambace shi, sai su rage murya. Su ne ke kiransa Mai Jifa.

Da gari ya waye yakan ɗaure tsani a jikin tsohon babur ɗinsa, ya ɗora akwatin guduma da ƙusa a baya, sannan ya rataya wata jakar fata da ta yi baƙi saboda tsufa. Babu kayan aiki a cikinta. Duwatsu ne mulmulallu, wani kamar ƙwayar gyaɗa, wani kamar ƙwan kaza. Idan babur ya faɗa rami sai ka ji suna karo da juna, ƙas, ƙas, kamar haƙoran mai jin sanyi.

Idan an kira shi rufi ba ya fara awo. Sai ya ce a kawo guntun kowane irin kwanon da mai gida ke tunanin saya, ya jera su a ƙasa a kan katako, yadda za su zauna a sama. Ya hau tsani har matakin ƙarshe, ya zaro dutse, ya maka wa kowanne. Siririn langa-langa ya lotsa har ya yage. Na alminiyom ya yi kumatu amma bai huje ba. Farin na roba, mai shigo da haske, ya dare gida biyu. Tsohon na siminti ya tarwatse kamar faranti. Mai kauri kuwa, ko wanda aka lulluɓe bayansa da 'yar tsakuwa, sai ya ce dum, ya ture dutsen gefe.

"To, ka gani da idonka," in ji shi. "Ni ban ce komai ba. Zaɓi wanda kake so 'ya'yanka su kwana a ƙarƙashinsa."

Ba a nan yake tsayawa ba. Sai ya matso da katako kusa da juna, don kada kwano ya sami wurin lanƙwasa. Ya ƙara wa rufi gangara, don abin da ya faɗo ya goga ya wuce. Ƙusa kuma sai mai roba a wuya. Wani mai gida ya taɓa ce masa, "Baba, gida fa nake ginawa, ba motar yaƙi ba." Ya ce, "Abin da ke saukowa daga sama ba ya tambayar me ka gina."

Sunan Mai Jifa ya samo asali ne daga gidan wata mai ɗinki da ke layinsu. Mijinta direba ne, ciwo ya shanye masa rabin jiki, yana kwance a ɗakin ciki, ba ya iya juyi sai an juya shi. Rufin ɗakin tsohon kwanon siminti ne da ya sha rana har ya yi furfura. Yoyo ya dame ta, ta aika a kira shi. Ya hau, ya toshe ɗigon, ya daɗe a sama yana ƙwanƙwasawa. Da ya sauko sai ya ja da baya, ya zaro ƙaramin dutse, ya cilla shi kan kusurwar rufin, maƙwabta na kallo. Aka ji ƙas. Wani ɗan ɓalli ya faɗo.

"Baiwar Allah," ya ce, "idan ƙanƙara ta zo, rufin nan ba zai tsaya ba. Kafin ki sami halin canzawa, ki mai da maigidan shagon ɗinkinki, can rufinsa na kankare ne."

Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ɗigo na kira ka ka toshe, ba duba na ce ka yi mini ba. In kwantar da mijina a cikin tsummoki, masu kawo ɗinki suna tsallake shi?"

Ya ɗauki dutsensa ya tafi.

Ba a jima ba ƙanƙarar ta zo. Da la'asar ne. Waɗanda suka gani sun ce sama ba baƙi ta yi ba, wani irin kore-kore ta yi, kamar tsohon rauni. Tsuntsaye suka yi tsit. Awaki suka shige ƙarƙashin motoci suka ƙi fitowa. Wata iska mai sanyi ta ratsa layin, mai warin ƙarfe, ta ɗaga labulen kowace ƙofa ta sake shi a hankali. Sai aka jiyo ƙara daga nesa, kamar babbar mota na juye tsakuwa, tana matsowa gida gida.

Rufin mai ɗinki daga kusurwar nan ya fara fashewa. Kafin ta ƙaraso daga shago, sama ta buɗe a kan gadon. Ta tarar da mijinta ido buɗe, ƙanƙara ta taru fari fat a kan bargonsa, yana kallonta tana sauko masa, ba halin kauda kai. Ta kifa masa bahon wanki a fuska, ta rufe sauran jikin da nata. Sanyin ya kama masa ƙirji. Bai ga ƙarshen damina ba.

Baba Mai Rufi ya je gaisuwa. Tana jin muryarsa ta fito har bakin titi, ba takalmi, ta nuna shi da yatsa a gaban jama'a.

"Kai ne! Dutsenka ta biyo! Inda ka jefa, nan ta fara. Ka nuna mata gidana ka tafi!"

Magana ta fita, kuma ta sami wurin zama. Aka ce duwatsun suna motsi a cikin jaka idan hadari ya haɗo. Aka ce shi ke kiranta don ya sami aiki. Aka ce a duba mana, me ya sa gidajen da ya rufa ba ta fasa su? Abin da ya kamata ya zame masa shaida, shi ya zama abin tuhuma. Mata suka riƙa janye yara idan babur ɗinsa ya shigo layi. 'Yarsa ta dawo daga makaranta tana kuka, an ƙi zama kusa da ita. Wasu ma da ya rufa wa gida, idan zai miƙa hannu sai su tuna akwai abin da suka manta a aljihu.

Matarsa ta ce, "Malam, don Allah ka yar da jakar nan mu huta."

Ya ce, "In na yar, da me zan gwada? Da kawunan mutane?"

Bai je ya kare kansa wurin kowa ba, kuma ba taurin kai ba ne kawai. Akwai abin da ya tsaya masa a rai. Ya san babu dutsen da ke kiran ƙanƙara, amma ɓallin nan da ya faɗo fa? Bai taɓa iya rantsewa cewa jifarsa ba ta raunana kusurwar ba. Tun daga ranar bai sake jifan rufin da mutum ke ƙarƙashinsa ba, sai guntu a ƙasa. Kuma duk la'asar ɗin da sama ta canza launi, matarsa takan same shi tsaye a tsakar gida, fuskarsa na duban wajen gidan mai ɗinki.

Kai ne, Baba, aka ƙi hannunka da safe, da rana kuma ka hau ka rufa wa mai hannun ɗaki. Kai ne ka rufa ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwa, inda ungozoma ta shaida cewa ranar da tagogi suka zube, ko ɗigo bai taɓa jariran ba. Kai ne ka sauko daga wani gini ka naɗe igiyar awonka, don mai ginin ya ce a sa siriri a ɗakunan 'yan haya, mai kauri a nasa. Sarkin tsani, mai kunne a tafin hannu.

Shekaru suka tura. Mai ɗinki ta yi jikoki. Wata rana tana dawowa daga asibiti da jikarta a hannu, sai layin ya yi irin shirun nan. Ta ɗaga kai ta ga launin. Ƙafafunta suka san shi kafin zuciyarta. Ƙofar da ke kusa ita ce ta rumfar aikin Baba Mai Rufi, wadda ta yi shekaru tana tsallaka titi don kada ta bi ta gabanta. Ƙanƙara ta farko ta faɗo a gabansu ta fashe. Ta ja yarinyar suka faɗa ciki.

Yana zaune a kan benci. Ya dube ta, ya matsa, ya bar musu wuri. A waje duniya na karyewa, gilashin motoci na zuba, rassan bishiya na saukowa. A ciki kuwa ƙarar ta zama wani dum, dum mai nauyi, kamar ana buga ƙofa daga nesa. Can da idonta ya saba da duhun, sai ta gan su. A kan wani katako a jikin bango, ga duwatsu a jere, daga ƙarami zuwa babba. Ta ƙanƙame jikarta.

Da abin ya lafa kaɗan, sai tsohon ya kifa kwanon kwaɓa siminti a ka, ya fita da sauri, ya dawo da ƙanƙara ɗaya a hannu, mafi girman da ya gani. Ya bi jerin yana kara ta da kowane dutse, ruwa na bin gwiwar hannunsa. Ya kai ƙarshe. Babu wanda ya kai ta.

"Ta girme su duka," ya ce, kamar da kansa yake. "Gobe sai bakin rafi."

Yarinyar ta ce, "Kaka, me kake yi?"

"Awo nake, amaryata, kafin ta narke. Duk wadda ta sauko, sai in nemo dutse daidai ita, in san da me zan gwada kwano. Ita ke fara zuwa. Ni a baya nake binta."

Mai ɗinki ta daɗe tana kallon katakon. Sannan ta tambaye shi.

"Wanne ne namu?"

Ya ɗora yatsa a kan wani mai girman ƙwan kaza, wanda ya fi sauran sulɓi, alamar hannu ya sha shafa shi. Ruwa na tsayawa ta ja jikarta suka fita, suna taka ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmansu. Bayan kwanaki ɗanta ya zo ya ce a sake musu rufi. Baba ya je ya yi. Har ya gama ba ta fito daga shago ba, keken ɗinki kawai ake ji.

Yanzu gwiwa ta ƙi tsani, guduma kuma ta cinye kunnen da ya yi aiki da shi. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da inuwar da ta fi wadda ka yi mana. Masu gini kuma, da masu rufi na yanzu, ga abin koyi: kada a zaɓi kwano don launinsa ko don arharsa. A tambayi kaurinsa, a gwada shi a ƙasa tun kafin sama ta gwada shi, a kuma faɗa wa mai gida gaskiya ko da zai canza wa mutum suna.

Ranar da ya ajiye aiki, mutanen layin suka taru a ƙofar rumfarsa. Ya miƙa jakar ga tsohon mataimakinsa, wanda shi ma gemunsa ya fara fari. Ana cikin addu'a sai taron ya dare. Mai ɗinki ce, tana dogara sanda. Ta tsaya a gabansa, ta sunkuyar da kai, ta faɗi wani abu a hankali.

Ya kara hannu a kunne. "Na'am?"

Ta sake faɗa. Ya dubi matarsa.

Matarsa ta ce, "Yaya, sai fa kin ɗaga murya. Ba ya ji yanzu."

Mai ɗinki ta waiga. Titin nan ne dai. Wasu fuskokin ma su ne na wancan karon, sun tsufa kawai. Mai shayi ya ajiye butarsa. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta ɗaga murya yadda ta ɗaga ta a wancan lokacin, har na ƙarshen layi ya ji.

"Malam! Ba kai ka kira ta ba! Ka ce in fitar da shi, ban fitar ba, na rasa inda zan ajiye abin sai na ɗora maka. Na ɓata maka suna a titin nan, a titin nan nake roƙonka. Don Allah ka yafe mini!"