Tayar da Na Zaɓa wa Yaya Issaka

Kafin sunana ya ɓaci a Tamale, ni mai facin taya ne, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Rumfata tana bakin tashar lori, kusa da masu koko da ƙosai. Da famfo da guduma da gwangwanin gam nake cin abincina, ban sa ido a kan abin kowa ba. Iyayenmu sun rasu tun ina ƙarami, don haka a unguwar Nyanshegu na tashi, a hannun yayata Memuna da mijinta Yaya Issaka, direban lori. Shi ya kai ni koyon faci, shi ya kafa mini rumfar. Ku riƙe sunansa, samari, domin labarin nan nasa ne fiye da nawa.

A zamanin Turawa ke mulki, kuma babban yaƙinsu na biyu ya sa roba ta yi wuya. Sabuwar taya sai motar soja, sai ta gwamnati. Mai lori in tayarsa ta mutu, sai ya shiga neman ta hannu, wadda aka ɗan mora aka cire. Direbobinmu ba su karanta rubutun Bature, da tambari suke gane kaya. Akwai 'yar Ingila mai kan zaki, ita ce sarauniya, ga tsada, amma tana kai mutum Kumasi ta dawo da shi har ya manta yaushe ya saye ta. Akwai 'yar Faransa da ake shigowa da ita ta arewa a ɓoye, ba ta da laifi, sai dai ba ta jure zafin hanya. Sai 'yar Jafan, ragowar kafin yaƙi, mai araha, wadda direbobi ke wa tsiya suna cewa kyakkyawa ce amma ba ta zaman gida. Kullum gardama ake yi a tasha. Wannan ya ce tambari ake saye, wancan ya ce a'a, ƙasar da ta yi ta ake dubawa, wani ya ce shi dai abin da aljihunsa ya iya, a daina yi masa wa'azin araha ba ta ado. Kowa kuma da gwajinsa: a ƙwanƙwasa da ƙarfe a ji amo, a danna farce a ji tauri, a sunsuna a ji warin roba. Ni ina gefe ina ba da iska ina dariya, don a lokacin ko ido rufe ina bambanta su.

Ana nan sai ga Kofur Dramani, wani tsohon makanikin soja da aka sallama, ya fara zama a rumfata yana shan inuwa. Wata rana ya ga na jefar da wata 'yar Jafan da ta suɗe sumul kamar kan jariri. Ya ɗauko ta ya kakkaɓe.

Ya ce, "Masa," wato maigida, "taya ba ya mutuwa. Mutum ne yake gajiya da shi."

Ya sa wani siririn ƙarfe a wuta, da ya yi ja sai ya shiga fitar mata da sabon zane, layi bayan layi. Kafin la'asar ta yi haƙora kamar ba ta taɓa hawa hanya ba. Na yi mamaki, na kuma ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da bai dame ni ba a ranar shi ne, duk zanen da ka haƙa a tsohuwar taya naman jikinta kake ci, ba abin da ke saura tsakanin dutsen hanya da zaren ciki sai 'yar fata.

Da farko ba mu cuci kowa ba. Direba zai kawo tasa da kansa, ya san me ake yi, ya biya ladan aiki. Daga nan sai wani baƙon direba ya zo ya ɗauki ɗaya a rumfa bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Na ce wa raina ai ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi. Bayan wannan sai Kofur ya koya mini feɗe kan zaki daga jikin matacciyar 'yar Ingila, a manna shi a gefen 'yar Jafan, a gasa har ya zama jiki ɗaya.

Yana yi yana dariya. "Ka gani? Da safe ɗan Jafan, da yamma ɗan Ingila. Ko jirgi bai hau ba koraa, ko kaɗan."

Gwajin direbobi ma duk muka yi maganinsa. Muka riƙa ƙara faci mai kauri ta ciki don amo da nauyi, muka shafa gam da ɗan fetur don wari, muka birgima su cikin jar ƙasa don su yi kama da waɗanda suka ɗan yi tafiya. Muna sayen na gaske 'yan kaɗan mu cuɗa a ciki, don in mai ido ya zo a nuna masa. Kasuwa ta buɗe, na kama ɗakin ajiya a unguwar Kasalgu, na ɗinka manyan riguna. Mutane suna ta kallon kitse a rogo, ni kuma ina jin kaina gwani.

Don kada in ruɗe, sai na riƙa ɗiga alli a cikin duk tayar da take ta gaske. Ban gaya wa Kofur ba, don a raina ban gama yarda da shi ba. Ashe shi ma yana ɗiga alli a cikin duk wadda ya gama gyarawa, don ya san aikinsa, kuma bai gaya mini ba, don shi ma bai yarda da ni ba. Ɓarayi biyu a ɗaki ɗaya, alli iri ɗaya.

Ranar wata Juma'a da hantsi Yaya Issaka ya iso Kasalgu da kansa, yana share gumi. An cika masa lori da doya da fasinja, bayan sallar Juma'a zai kama hanyar Salaga zuwa Kumasi, sai ya ga tayarsa ta gaba ta kumbura a gefe.

Ya ce, "Ƙanina, ba ni ɗan Ingila na gaske. Na gaba ne, ka san gaba ba wasa. Ni ba zan duba ba, kai ne idona."

Na ce, "An gama, Yaya." Har ga Allah niyyata in ba shi mafi kyau, in kuma ƙi karɓar komai. Na shiga ɗaki na fara leƙa cikin tayoyi ina neman allina. Na farko da alli. Na biyu da alli. Na juya waccan, alli. Duk wadda na taɓa, alli. Kofur kuwa ya yi tafiya Bawku tun shekaranjiya, ba ranar dawowa.

Na ce to, ai ni ne gwani. Na ɗauki ƙarfe na ƙwanƙwasa, duk amo ɗaya, mu muka daidaita shi. Na danna farce, na sunsuna, sai warin gam ɗina nake ji ko'ina. Na shafa kan zaki ina neman gaɓar manni, wannan kamar akwai, wancan kamar babu, da na sake shafawa sai suka yi musaya. Na ware biyu na ce waɗannan na gaske ne, na juya na ɗauko ta uku, da na waiwayo na manta wacce na ajiye dama, wacce hagu. Gumi ya jiƙa mini riga. Ni da nake bambanta taya ido rufe, ga ni ido buɗe a cikin kayana kamar baƙo.

Gwaji ɗaya ya rage wanda ba mu iya kashewa ba. In ka soka basilla a cikin zane, ta gaske za ka ji nama kafin zare, ta jabu kuwa nan take za ka taɓo zare. Basilla tana aljihuna. Amma Yaya Issaka ya riga ya shigo ya tsaya a kaina, kuma direba ne, ya san abin da ake nema in an soka basilla. In na fito da ita, na gaya masa ke nan akwai jabu a ɗakina. Mutumin da ya ciyar da ni, mijin yayata, wanda ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Ya ce, "Yaya dai? Ka daɗe paa, sosai. Akwai matsala ne?"

Na ce, "Babu, Yaya. Mai kyau nake zaɓa maka."

Na ɗora hannu a kan ɗaya na ce, "Wannan." Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Na tabbata." Ya sa mini albarka, na ɗaura masa ita da hannuna. A masallaci ban san me liman ya karanta ba. Ina ta lissafi a zuci, in ce ta gaske ce, ai na ji nauyinta, can kuma in tuna mu ne muke ƙara nauyin.

Washegari labari ya iso tasha. Bayan Salaga, a wata gangara kafin kogi, tayar gaba ta fashe, lori ta kife. Fasinjoji sun fita da raunuka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma gwangwanayen fetur da ke baya suka kama, motar ta ƙone ƙurmus har tayoyin. Yaya Issaka an jawo shi da rai, sai dai ƙafarsa ta dama ba ta biyo shi gida ba, a asibiti aka yanke ta.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Direbobin da tayoyinmu suka riƙa fashe musu suka haɗa magana, 'yan sanda suka buɗe ɗakin Kasalgu, suka sami ƙarafan zane da kawunan zaki a cikin ƙwarya. Kofur ya ji labari tun daga nesa, har yau ban sake ganinsa ba. A kotu Baturen alƙali ya sa tafinta ya tambaye ni, tayar da na ba mijin yayata, ta gaske ce ko ta jabu?

Na ce, "Ban sani ba."

Aka fashe da dariya. Alƙali ya ɗauka rainin hankali ne, ya ɗaure fuska. Alhali tun da na fara harkar nan ban taɓa faɗin gaskiya tsantsa irin ta ranar ba. Aka yanke mini shekaru a gidan yari.

Aikin gidan yari bai dame ni ba, yankan ciyawa ne da fasa dutse. Abin da ya cinye ni tambaya ɗaya ce. Ko 'yar Ingila ta gaske ai tana fashewa in ta hau dutse mai kaifi da kaya a kanta. Wata rana in tashi da yaƙinin ta gaske na ba shi, ƙaddara ce kawai, in ji sanyi a raina. Kafin azahar in tuno yadda yatsana ya ji kamar gaɓa a gefen zakin, sai in kasa cin abinci. Tayar ta zama toka, Kofur ya ɓace, ba wanda zan tambaya. Na roƙi Allah gafara, amma ko a addu'a na rasa yadda zan faɗi laifin, in ce na yi, ko in ce wataƙila na yi.

Da aka sake ni na yi kwanaki ina kewaya Nyanshegu ban shiga ba. Ranar da na yi ƙarfin hali, Memuna ta gan ni ta sa kuka, ta nuna mini da baki inda mijinta yake. Yaya Issaka yana zaune a kan tabarma, sandarsa a jingine, tsofaffin tayoyi jibge a gefensa. Takalma yake yankawa daga jikinsu, yana sayar wa manoman ƙauyen Gbalahi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Wallahi har yau ban san wacce na ba ka ba."

Bai ɗago ba, yana ta jan wuƙa. Ya ce, "Ni ma na daɗe ina tunaninsa. Yanzu na bari. Ko ɗan Ingila ne, ko ɗan Jafan ne, ƙafa ya tafi." Ya ajiye wuƙar ya dube ni. "Abu ɗaya ne yake mini ciwo. Maganan da ka gaya wa Bature a kotu, don me ba ka gaya mini a Kasalgu ba? Da ka ce mini ba ka sani ba, da na kwana Tamale. Doya ba ya ruɓewa a kwana ɗaya."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya turo mini wata taya da ƙafarsa ta hagu, ya miƙo wuƙa. Ya ce, "Na yafe. Zauna ka yanka, hannunka yana da kyau." A gefensa na yi sauran shekarunsa, kuma tun daga ranar ban sake sayar da abin da mai saye ba zai iya juya shi ya ga cikinsa ba.

Samari, ku da kuke rububin mota yanzu, ku ji daga bakin wanda ya ƙone. In za ku sayi taya, kada tambari ya ruɗe ku, kada sunan ƙasa ya ruɗe ku, ni nan na mayar da Jafan Ingila da gam da garwashi. Mai araha ta gaskiya ta fi mai tsada ta ƙarya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, zai kuma tuƙa a hankali. Ku duba da kanku, ku soka basillarku, in mai kaya ya ɓata rai ku bar masa kayansa. In kuwa ku ne masu sayarwa, kada ku fara da shirun nan da na fara da shi. Na yi zaton mutane nake ruɗawa, ashe idona nake kashewa, har ranar da na buƙace shi don mutum ɗaya da nake ƙauna, na neme shi na rasa. Ranar da wani ya ce muku ku ne idonsa, alhali ba ku gani, ku ji kunyar nan ta ɗan lokaci ku ce ba ku sani ba. Ni na ƙi faɗa, kuma shekara da shekaru ni nake yanka wa Yaya Issaka takalminsa, ƙafa ɗaya.