Lurwanu da Motar Dillalin Aya

A Agiye, in ka ɗan wuce tasha ta hannun gabas, akwai wata rumfar kwano inda Lurwanu yake gyaran wutar mota. Shekararsa ashirin da biyu a wurin. Kakansa daga ƙasar Katsina ya ƙetaro ya sari daji ya shuka gero, ubansa ma a gonar ya ƙare, amma shi tun yana lakol, makarantar boko, hankalinsa ya koma kan waya da batir. Ya je Maradi ya koyi aikin shekara shida, ya dawo da gwaninta da kuma raini. Duk direban da ya tsaya ƙofar rumfarsa, sai ya dube shi sama da ƙasa. A ganinsa, cikin direbobi goma, tara ba su isa kora jaki ba, balle tuƙa mota. Amma dole ake zuwa, don ƙwan fitilar da ya sa yakan shekara biyu bai mutu ba.

Cikin duk waɗanda ya raina, babu kamar Alhaji Balarabe, wani dillalin aya na Cadawa. Shekarar da aya ta yi albarka, Balarabe ya sayo wata farar mota daga Kwatano, irin wadda da an tashe ta fitilun gaba suke kamawa ko da rana tsaka. A ƙauyuka yara kan bi shi suna ihu, "Alhaji, ka bar wuta!" Shi kuwa sai ya ƙara kumbura, don ya lura masu amalanke na kauce masa a guje, suna zaton wani babban ma'aikacin gwamnati ne ya fito rangadi.

Sai dai motar cin ƙwai take kamar muzuru. Sati biyu ko uku, ɗaya ya mutu. Ranar da ya kawo ta rumfar karo na farko, bai ko sauko ba, gilas kawai ya sauke.

"Kai, mai gyara, sa mini ƙwai. Sauri nike."

Lurwanu ya gama shan shayinsa tukuna. Sannan ya buɗe gaban motar, ya ɗora na'urarsa kan batir, ya girgiza gidan fitilar da hannu, ya ji yana rawa.

"Alhaji, ba ƙwai ne ciwonta ba. Dinamo na turo wuta fiye da kima, ita ke dafa su. Ga gidan fitila ya kwance, kullum kana dukansa a hanyar burji. Kuma babbar fitila kake kunnawa kafin ka tashi inji. A gyara dinamo, a ɗaure wannan, da rana a bar ƙananan su yi aikinsu."

"Wa ya tambaye ka? Ni da na je Kwatano da ƙafata!"

Da Lurwanu ya ɗauko sabon ƙwai, Balarabe ya fizge shi daga kwalinsa, ya riƙe shi ta gilashinsa da yatsun da suka gama cin tsire, ya ɗaga sama yana dubawa kamar ya san abin da yake nema. Lurwanu ya kalli maiƙon da ya manne, ya ce a ransa wannan ko kwana goma ba zai yi ba. Ya sa masa shi haka nan. Kwana takwas ya yi.

Balarabe ya shiga gaya wa mutane Lurwanu kayan banza yake sayarwa. Da ya je sayen hatsi Gidan Rumji, ya haɗu da wani Ɗanbaba mai tebur bakin kasuwa, wanda bara ma takalman roba yake sayarwa. Ɗanbaba ya nuna masa wasu manyan ƙwayaye masu shuɗin gilashi, ya rantse irin na motocin manya ne. Balarabe ya saya, aka sa. Da fis mai kare wayoyin motar ya ƙone don nauyinsu, sai Ɗanbaba ya naɗa wayar tagulla a madadinsa. Balarabe ya dawo yana haska idon mutane da hantsi, har tumaki na tsayawa cak a hanya.

Ranar kasuwar Agiye, wajen azahar, ya shigo gari da buhunan aya a baya. Daidai layin masu goro hayaƙi ya fara fitowa ta gaban motar, ga warin roba. Ya diro babu takalmi ɗaya, yana salati yana kiran a taimaka. Masu goro suka yi ta watsa ƙasa, wata mai fura ta juye ƙwaryarta duka. Da ƙyar wani direba ya cire kan batir. Aka ɗaura igiya, amalanken shanu ya ja farar motar ta tsakiyar kasuwa har ƙofar rumfar Lurwanu, Balarabe na biye a ƙasa, fura a gaban babbar rigarsa.

"Malam Lurwanu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "a duba mana."

Lurwanu ya leƙa. Wayoyi sun narke sun haɗe, gidan fitila ya zama kamar ɗanko. Ya zaro tagullar Ɗanbaba da filaya, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani.

"Wanga kuma daga Kwatano ya zo, Alhaji?"

Aka fashe da dariya. Kwana tara ya ɗauka yana sake wayoyin, bai yi sauri ko kaɗan ba, Balarabe kuwa kullum yana zuwa daga Cadawa cikin motar haya, a matse tsakanin mata da kaji.

Tun daga nan motar ba ta ƙara cin ƙwai ba. Yanzu Balarabe yakan zauna ƙofar shagonsa yana koya wa direbobi yadda ake tattalin fitila, yana cewa a Kwatano wani Bature ya nuna masa, shi kuma ya ɗan haska wa Lurwanu. Hasiya, matar Lurwanu, ita ta jiyo maganar a wajen wani suna ta kawo gida ranta a ɓace, tana cewa sai ya je ya ƙaryata shi gaban mutane. Lurwanu ya ja tsaki.

"In hau mota har Cadawa don Balarabe? Zubo mini tuwo, Hasiya."