Ɓarawon da Hajiya Ta Bi Har Dubai

Mun tashi da asuba daga Kurna, ni da Hajiyarmu, ko koko ba mu tsaya sha ba, don daga Abuja jirginmu zai tashi. Ni Dubai ba baƙuwata ba ce, can nake saro abaya da takalma. Hajiya kuwa in ban da aikin Hajji ba ta taɓa fita ƙasar waje ba, kuma ba buɗe ido ya fito da ita ba. Ɗanta za ta je ta kamo.

Autanmu ɗan wasan besbol ne, wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki a ruga da gudu. A Ilori ya koya lokacin da yake karatu, bana wata ƙungiya a Dubai ta ɗauke shi. Muna cikin murna sai ɗan maƙwabciyarmu ya ga hotonsa a waya, ya fassara wa uwarsa abin da aka rubuta a ƙasan hoton: wai duk kakar bana ba wanda ya kai shi sata. Kafin la'asar maganar ta gama layinmu. Marigayi Babanmu ya ƙare rayuwarsa yana awon hatsi a Dawanau, ba a taɓa cewa ya tauye mudu ba, ga shi yau mata na yi wa Hajiya jaje a gidan suna. Auta ya yi bayani a waya har ya gaji. Hajiya ta ce sata ko ta wasa ce sunanta sata, ta rantse da Allah sai ya dawo gida. Shi kuma ya ce in ta zo ta faɗa masa ido da ido zai haɗa jakarsa ya biyo ta, duk da ƙungiyar na son ya zauna har baɗi. Na san zai aikata, kuma abin ya tsaya min a rai.

Daga Kano zuwa Zariya titi sumul, bayan Kaduna kuwa mun sha jijjiga. A Tafa muka ci shinkafa da wake, Hajiya ta ji kuɗin faranti ɗaya ta ce da ta sani da ta ƙullo ɗumame. Muka yada zango a Adis Ababa, washegari da hantsi muka sauka Dubai. Lokacin sanyinsu ne, iska mai daɗi. A unguwar Hor Al Anz muka sauka, a gidan da matan Kano 'yan kasuwa ke haɗuwa su kama, gado kan gado, tukunyar miyar kuka a kan wuta. Jirgin ƙasansu da ba shi da direba Hajiya ta shige shi da addu'a ta fita da addu'a. Abin da ya burge ta ɗaya ne, shayin karak na bakin titi, mai kauri da arha. Ta sha kofi uku a tsaye.

Auta ya zo gaishe ta, ya durƙusa har ƙasa, ta amsa a daƙile. Roƙo ɗaya ya yi: washegari ne wasan ƙarshe, na cin kofi, ta zo ta gani, bayan nan abin da ta ce shi za a yi. A nan na ji tarihin kakar. Da farko ƙungiyarsu kashi take sha, shi kuma yana benci yana ɗumama kujera. Da kocinsu ya lura da gudunsa ya fara sako shi, sai al'amura suka juya, suka yi ta hawa daga ƙasan teburi har suka iso nan.

Filin yana bayan gari, an wuce dogayen benaye an shiga rairayi. Allah ya haɗa mu da wani Bakano mai aikin lodin kwantena a Jebel Ali, ya zauna kusa da mu ya zame mana tafinta. Ya nuna wa Hajiya wasu fararen abubuwa uku a ƙasa kamar matasan kai, ya ce tashoshi ne. Wanda ya doki ƙwallo zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya komo inda ya fara, wurin da ake kira gida. Wanda ya dawo gida shi ya ci.

Ana cikin wasa Auta ya samu tasha ta ɗaya. Mai jefa ƙwallo na abokan hamayya na ɗaga ƙafa zai yi jifa sai Auta ya fyalla, ya zube da ciki a tasha ta biyu, ƙura ta tashi, fili ya ɗauki ihu.

"Hajiya, kin ga satar ke nan," in ji Bakanon. "Kafin su ankara ya ci gaba, halas."

Hajiya ta gyara tabarau. "Me ya ɗauka?"

"Bai ɗauki komai ba."

Ta ƙura wa hannuwan Auta ido, ba komai sai ƙasa. Sannan ta tambaya wa zai wanke wannan farin wandon.

Zagayen ƙarshe ya zo ana kunnen doki. An fitar da mutum biyu daga ɓangaren su Auta, in aka fitar da na uku damarsu ta wuce. Auta na tasha ta uku, mai riƙe da kulki kuma ya kai duka sau biyu yana dukan iska, in ya sake kuskurewa an fitar da shi. Hajiya ta taɓa Bakanon ta ce yanzu ina ya rage masa. Ya ce gida. Ban ankara ba sai na ga tsohuwar nan mai ciwon gwiwa ta miƙe tsaye, carbi a hannu, ta ɗaga muryar da take kiranmu cin tuwo da ita muna yara.

"Auta! Taho gida!"

Mai jifan bahago ne, bayansa ya ba Auta. Wallahi ban ga tashinsa ba, isarsa kawai na gani, ya shiga ta ƙarƙashin hannun mai cafke ƙwallo ya dafa gida. Alƙali ya ware hannuwa biyu, alamar ya tsira. Kofi ya zama nasu! 'Yan wasa suka danne shi a ƙasa, Larabawa da Indiyawa na tsalle, wani Balarabe a bayanmu na ta "Yalla habibi!" Ni kuwa na rangaɗa guɗa a tsakiyar Dubai, hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba. Daga baya Auta ya ce min koci bai ba shi izinin gudu ba. Muryar ya ji, kuma tun yana yaro bai taɓa jira a kira shi sau biyu ba.

Da ya fito ya durƙusa gabanta da wandonsa duƙun-duƙun, ya ce jakarsa a haɗe take. Hajiya ta karkaɗe masa ƙasar kafaɗa.

"Na ce ka dawo gida, na kuma ga ka dawo. Zauna ka yi aikinka, Allah ya yi maka albarka."

Kwana uku muka ƙara, na yi sarina a gurguje, muka juyo. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, bayanin waya ba ya shiga kunnen uwar da aka taɓa sunan mijinta, sai ta je ta duba hannun ɗanta da idonta. Washegarin isowarmu Kano Hajiya ta sa aka dafa shinkafa aka ciyar da miskinai goma. Na ce mata ai kaffarar rantsuwa ce wannan, ta harare ni ta ce sadakar cin kofi ce. Da yamma maƙwabciyar nan ta shigo sannu da zuwa, tana leƙen ɗaki, tana tambayar ina wanda aka je kamowa. Hajiya ta miƙa mata dabino, ta ce, "Yana can yana satarsa. Kuma duk Dubai ba wanda ya kai shi."