Lungun da Makara Ta Auna

Kakata, wadda duk muke kira Inna, tana da wata magana da take maimaitawa duk bayan girbi: "Ni dai ku bar mini hanyar da makarata za ta fita." 'Ya'yanta biyu, Baba da ƙaninsa Baffa, sai su yi dariya su ce rigimar tsufa ce. Gidanta yana ƙuryar wani lungu a ƙauyenmu, gefen Farin Dutse. Gidan Baba a dama, na Baffa a hagu, bayanta kuwa dutse ne. Lungun nan shi kaɗai ne mafitarta.

Ta ce ranar da aka kawo ta amarya, takarkari ɗauke da kayan ɗakinta ya shige lungun bai gogi kara ba. Ni kuwa da na yi wayo, jaki da mangala sai an lallaɓa yake wucewa.

Ba wanda ya saci ƙasar kowa, abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Bayan girbi kowa na sabunta darninsa da karan dawa, kuma ba a rushe tsohon a bar gida a buɗe mata na ciki. Sai a kafa sabbin dirkoki a jikin tsohon ta waje, a ɗaure sabon darni, sannan a cire tsohon a kai murhu. Baba ya matso yatsu uku, Baffa ya matso yatsu huɗu, kowa kuma zai iya dafa Alƙur'ani cewa inda ya tarar nan ya kafa.

Ban gane ciwon ba sai da na kama aiki a wata masana'anta a Kano, shekarun da kuɗin mai suka shigo. An sayo mana injin huda ƙarfe mai karanta umarni daga doguwar takarda mai huji-huji. Hanya biyu ce ake gaya masa inda zai je. Ko dai a auna kowane rami daga kusurwa ɗaya da aka tsayar, wadda muke kira sifili, ko kuma a ce masa daga inda kake tsaye matsa kaza. Ta biyun ta fi daɗin rubutu, musamman in ramukan jere suke tazara ɗaya. Amma in ka kuskure a rami na biyu, na uku zai gaji kuskuren ya miƙa wa na huɗu, har na ƙarshe ya faɗa bakin farantin ƙarfen da ake hudawa. A ta farko kuwa, rami ɗaya ne zai lalace, sauran na nan daram. Ranar da na ga an jefar da faranti guda saboda haka, wallahi ba ƙarfen na tuna ba, lungun Inna na tuna.

Da hutu ya zo na hau mota ta Birnin Kudu zuwa Gwaram, da guntun rodi a jakata. Na tarar da Baba da Baffa suna ɗaurin darni, na durƙusa na gaishe su, na kwashe bayanin nan kaf na zuba musu. Har zane na yi a ƙasa.

Baffa ya ce, "To, Malam injiniya, mun ji. Wato ni ne na ci lungun?"

"Ba haka nake nufi ba, Baffa. Daga na bara kuke aunawa, na bara kuma daga na bariya."

"Yo daga ina za mu auna in ba daga na bara ba? Daga Kano?"

Baba ya ce, "Kai, yatsu uku ne fa. Yatsu uku ake wa wannan dogon turanci?"

Na ce yau da gobe ai ba ta bar komai ba. Suka ce lallai yaro ya iya karin magana. Raina ya ɓaci ƙwarai, na nemi Inna ta fito ta nuna mini inda bakin lungun yake a da. Ta dogara sandarta, ta leƙa cikin gidan Baffa, ta nuna wani wuri kusa da madafi. Matar Baffa ta saki salati. A nan maganar ta tsaya, don ba mai mayar da madafinsa hanya. Na ce to aƙalla kada a ƙara, na kafa rodina a gindin darnin Baba, na ce daga yau wannan ne sifili. Suka ce madalla.

Da na dawo wata shekarar, na tarar da rodin a cikin gidanmu, an ɗaure akuya a jiki. Baba ya ce turke ne mai kyau, gara ba ta cin sa. Na tsaya ina kallon akuyar, tana kallona, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Inna ta rasu da rani, da hantsi, ina gida. Aka yi mata sutura, aka ɗauko makara daga masallaci. Shigar da makarar ba wuya, an karkata ta a tsaye tunda ba kowa a kai. Da aka ɗora Inna, mutane suka kama gefe da gefe, suka zo bakin lungu suka tsaya cik. Makarar kanta da ƙyar, balle kafaɗun masu ɗauka. Wani ya ce a karkata. Baba ya daka masa tsawa, ya ce uwarsa ba buhun gero ba ce. Ya sa hannu ya fizge darninsa, Baffa ya kama nasa, kara na karyewa, mata na gudu ɗaka. Gidajen da aka yi shekaru ana tsoron buɗewa suka zauna a buɗe gaban duk jama'ar gari. A ƙarƙashin karan na ga guntayen tsoffin dirkoki layi bayan layi, suna shiga cikin gidajen. Na yi kuka, kuma har cikin kukan haushi nake ji.

Bayan an share makoki aka zo mayar da darni. Baffa ya riƙe dagi ya tsaya, ya ce, "To daga ina?" Mai sanin asalin wurin mun kai ta makwancinta.

Baba ya ce a je masallaci a aro makarar. Aka kawo ta ba kowa a kai, shi ya kama gefe, Baffa ya kama gefe, suka tsaya a tsakiyar lungun. Bai dube ni ba ya ce, "Kwance akuyar nan, ka kawo ƙarfenka ka kafa a bayan ƙafata."